Jiƙa kek don cire dafi kafin a ba dabbobi, wa ya taɓa gwadawa?

Mai Kajin Ƙwai: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na samu kek ɗin mustad da na angurya, wato abin da ke saura bayan an matse mai daga ƙwayar, an ce min in jiƙa su kawai inzayim ɗin da ke ciki, wato sinadarin da ke farfasa wasu sinadarai, zai cinye dafin, haka ne?

Malamin Kiwo: Wa alaikumussalam. Hajiya kar ki haɗa su, kowanne da nashi dafin. Na mustad akwai wani sinadari mai suna gulukosinolet a ciki, kuma ƙwayar tana da inzayim ɗinta mai suna mirosines, da an niƙa an zuba ruwa sai ya farfasa shi, wannan yajin da ke hawa hanci har ido ya kawo ruwa to shi ne ya fito. Nan ake kuskure, inzayim ɗin sakin dafin yake ba kashe shi ba, dole a turara ya tashi sannan a shanya. Wanda ya jiƙa ya zuba wa kaji haka nan gara bai jiƙa ba.

Abu Fatima: Malam ni na jiƙa nawa kwana guda ko yajin ban ji ba fa

Malamin Kiwo: Wataƙila da zafi sosai aka matse man, zafi yana kashe inzayim ɗin. Niƙa ɗanyar ƙwaya kaɗan ka gauraya da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Amma in kek ɗin rapsid ne, wata ƙwayar mai dangin mustad, akwai wani ɓangaren da baya bin tururi, shi ke kumbura maƙoƙo ya hana girma, shi yasa aka fi son kanola, wani nau'in rapsid da gulukosinolet ɗinsa kaɗan ne, bai kai ma'aunin maikromol 30 a giram ɗaya ba.

Umman Khalil: Hajiya anguryar nan ki yi hankali wallahi, ni na taɓa yawaita ta a abincin masu ƙwai, bayan ƙwan ya ɗan kwana biyu na fasa sai ga gwaiduwa ta yi wani kore-kore mai duhu, raina ya ɓaci sosai ranar. Gosifol ne, wato dafin angurya, jiƙo baya masa komai, sinadarin ferus salfet ake sawa ya ɗaure shi, in ba haka ba ki bar wa manyan shanu su sun fi jure shi, ban da ƴan maruƙa.

Abu Fatima: Na linsid fa, wata ƙwayar da ita ma ake matse mai?

Malamin Kiwo: Shi gubar sayanayid yake saki in an jiƙa, da yake sayanayid ɗin a digiri 26 na Salshiyas yake tafasa baya wuyar tashi, amma a fili za a yi ba cikin rufaffen ɗaki ba. Kuma duk abin da aka jiƙa a baza shi sirara ya bushe ƙarau, in ya yi funfuna an sayo wani dafin.

Umman Khalil: Na bini-da-zugu kuma kar wanda ya gwada a gida, ko an dafa dafinsa yana nan.

Mai Kajin Ƙwai: Allah ya saka da alheri. Zan ware kaji goma in fara da kaɗan, anguryar kuma ta shanu ce.