Don Allah a warware mini lissafin madubi mai loɓawa ciki

Assalamu alaikum, malamai da yayyena masu ilimin fiziks. Ɗaliba ce ni a Tudun Wada, Kaduna, ina shirin jarrabawar WAEC, kuma kwana uku ke nan tambaya ɗaya ta hana ni sakat.

An ce madubi mai loɓawa ciki, nisan matattarar haskensa (f) santimita 10, an ajiye abu a nisan santimita 6 daga madubin (u). Na yi aiki da 1/f = 1/u + 1/v, sai v, wato nisan siffar abin daga madubin, ta ba ni −15. Na sake lissafin ya fi a ƙirga, amsar ba ta canza ba. Littafinmu ya ce alamar ragin tana nufin siffar tana bayan madubi, a tsaye, ta kuma fi abin girma. To hasken ai baya yake dawowa, ba ya ratsa madubin. Ta yaya siffa za ta kasance inda haske bai je ba?

Na ɗauko cokalin Mama na duba cikinsa, fuskata ta fito a kife. Da na kai bakin allura dab da cikinsa, sai siffar allurar ta miƙe tsaye. Me ke faruwa da hasken a daidai wurin juyawar nan? Kuma yaya zan zana layukan hasken a takarda?

Allah ya saka da alheri.