An Ɗora Ni Kan Kwamitin Duba Albashin Ma'aikatan Ƙaramar Hukumarmu, Ta Ina Zan Kama?

Kansilan Ƙauye:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka ci aikin ƙaramar hukuma. Ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma ta arewacin Jihar Kaduna tun zaɓen Oktoban 2024, ku yi mini uzuri ba zan kama suna ba. Majalisarmu ta kafa kwamitin da zai duba albashi da ƙa'idojin aikin ma'aikata, an ce ni zan shugabanta, an ba mu mako 6. Ni kuwa taki da maganin feshi nake sayarwa, ban taɓa cin albashin gwamnati ba.

Koke-koken da ke gabana ga su. Masinjoji da masu gadi da suka daɗe suna cewa tun da mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 72,000 kusan kai ɗaya suke da yaran da suka tarar da su. Akwai masu riƙe da takardar ƙarin girma shekara da shekaru, albashi bai motsa ba. Akwai ma'aikatan wucin gadi a asibitoci da kasuwa, ba wanda ya san a kan wace ƙa'ida ake biyansu. Sannan ana ta raɗe-raɗin akwai sunaye a takardar biya waɗanda ko mai shayin bakin sakatariya bai taɓa ganin fuskarsu ba. Wasu abokan aikina na cewa mu rubuta a ƙara wa kowa kaso 20 cikin 100 kawai mu huta. Raina bai kwanta da wannan ba. Me ke hannunmu, me kuma ya fi ƙarfinmu?

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam, Honorabul. Gara da ranka bai kwanta ba. In kuka rubuta wancan kaso 20 ɗin, rahotonku a durowa zai kwana, don jadawalin albashi ba a sakatariyarku ake yanka shi ba. Daga jiha yake saukowa da takardar umarni, ƙananan hukumomi 23 duk su hau kansa.

Fara da raba ma'aikatan gida-gida. Daga matakin albashi na 07 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke Kaduna ce ke ɗaukarsu, ta ƙara musu girma, ta canja musu wurin aiki, ta hukunta su. Shi ya sa ma'aji zai kwana a Kubau ya wayi gari an tura shi Kauru. Daga 01 zuwa 06 su ne na gida, kwamitin ƙananan ma'aikata na cikin sakatariya ke riƙe da al'amarinsu. Malaman firamare na hannun SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, na asibitin sha-ka-tafi na hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, duk da cewa daga kason ƙaramar hukuma ake cire kuɗin malamai. Wannan ne ma ke cinye kaso mafi tsoka, mutane na ganin adadin da aka sanar daga Abuja su ɗauka duk yana aljihun ciyaman.

Abin da ke hannunku shi ne takarda, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Nemi abu uku ka jera su a tebur ɗaya: jerin sunayen ma'aikata daga ofishin mulki, takardar biyan albashi daga ofishin kuɗi, da rajistar sa hannu ta kowane sashe. A ƙa'ida suna ɗaya zai fito a duka ukun. Duk inda suka saɓa, nan aikinku yake. Za ka tarar da wanda ya rasu ana biyansa, da wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki amma yana nan daram, da wanda aka mayar wata ƙaramar hukuma bai fita daga takardarku ba. Duba lambar asusun banki da BVN, suna biyu ba sa haɗuwa a BVN ɗaya.

Sai fayil. Kowane ma'aikaci da takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa. Ɗauki shekarar kama aiki ka cire shekarar haihuwa. In lissafi ya nuna maka mutum ya fara aiki yana ɗan shekara 12, to an taɓa fayil ɗin. Mu da muka zauna a kujerun nan mun san alƙalami biyu a layi ɗaya idan mun gani.

Ɗan NULGE:
Baba Ma'aji, da girmanka, duk abin da ka faɗa haka ne, amma ka tsallake abu guda. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kaduna da ya ji kalmar "tantancewa" gabansa faɗuwa yake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 2017 an sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawa. A 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba ta zo ta tsayar da Kaduna cak a watan Mayu, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya. Mutanen da za ka kira, Honorabul, duk sun ga wannan da idonsu.

Saboda haka kafin ka buɗe fayil ko ɗaya, kira shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, na reshenku ya zauna cikin kwamitin, ko da ba shi da ƙuri'a. A manna sanarwa a allo, a faɗi abin da za a duba da abin da ba za a taɓa ba. Kuma don Allah kada a tsayar da albashin kowa sai an ji ta bakinsa. Ba kowane saɓanin takarda ne sata ba. Tsohon lebura da bai iya karatu ba, akawu ne ya ƙirƙira masa ranar haihuwa tun ran da aka ɗauke shi. Wani fayil ɗinsa gara ta ci a sito. Wata ta yi aure suna ya canja a banki bai canja a ofis ba. In ka haɗa waɗannan da ma'aikatan bogi ka yi musu kuɗin goro, ka ɗauki alhaki, su kuma masu bogin na gaske sun san ƙofar da za su bi su dawo.

Batun masinjan da ya yi kai ɗaya da sabon yaro kuwa, ba laifin ofishinku ba ne. Idan aka ɗaga ƙasa ba a ɗaga na sama daidai gwargwado ba, matakai sai su matse. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Uba Sani ya ce Kaduna 72,000 za ta biya. Kowane zagaye rigimar ba a kan na ƙasan take ba, a kan ƙarin da zai bi sauran matakai ne. Wannan tsakanin ƙungiyoyi da gwamnatin jiha ake warware shi. Ku dai ku rubuta shi a rahoto da misalai na zahiri, zai yi mana amfani a teburin tattaunawa.

Tsohon Ma'aji:
Na karɓi gyara kan jin ta bakin mutum. Amma ɗan ƙungiya, ku ma ku daina kare wanda kuka san yana Kano yana kasuwanci, sai ƙarshen wata ya ji alat.

Ɗan NULGE:
Baba, wanda ke Kanon ba mu muka ɗauke shi ba. Tambayi wanda ya kawo sunansa.

Ungozoma:
Salamu alaikum. Honorabul, kowa na maganar fayil, to akwai waɗanda ko fayil ɗin ba su da shi. Je asibitin ƙauye da dare ka ga wa ke karɓar haihuwa. Sau tari yarinya ce da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, tana aikin sa kai ko wucin gadi, abin da ake ba ta bai kai kuɗin mashin ɗin wata ba, wani watan ma shiru. Ba fansho, ba hutu, in allura ta soke ta ita ta sani. Ita ke kwana, mai cikakken albashin tana gari.

Ba na cewa kuna da ikon mayar da su na dindindin. Amma kuna iya sa a rubuta sunayensu, da ranar da kowacce ta fara, da wanda ya ɗauke ta, da abin da ake ba ta. A yanka musu adadi ɗaya da rana ɗaya ta biya, ta banki, ba hannu da hannu ba. In gurbi ya buɗe, jerin nan za a ɗauko, ba a kawo 'yar wani daga Kaduna ba.

Ku duba rabon wurin aiki ma. Asibitin hedikwata cike da ma'aikata har suna rasa kujera, na ƙauyukan bakin daji mutum ɗaya ko biyu. Ba na ganin laifin mai tsoro, kowa ya san halin tsaro. Amma wadda ta yarda ta zauna can ya kamata ta ga bambanci, ko ɗaki mai ƙofa ne a gyara mata. Sai hutun haihuwa: jiha ta amince da wata 6 tun zamanin El-Rufai, amma akwai shugabannin sashe da har yau suke yi kamar ba su ji ba.

Matashi Mai Waya:
Ni fa ban gane ba. Ba Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci ba? Ciyaman ya ƙara albashin mana, wa zai hana shi?

Lauya a Kaduna:
Ƙanena, hukuncin 11 ga Yulin 2024 magana biyu ya yi: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Bai rushe hukumar ma'aikata ta jiha ba, bai kuma goge sashe na 7 na Tsarin Mulki ba, wanda ya bar wa dokar jiha tsara yadda ƙananan hukumomi za su kasance.

Honorabul, kwamitinku shawara yake bayarwa, ba shi ke kora ba. Wanda kuka samu da matsala, a ba shi takardar tuhuma, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Ɗan mataki na 07 zuwa sama a miƙa batunsa Kaduna. Wanda aka kora ba tare da bin wannan hanya ba, zai tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma in ya yi nasara albashin duk shekarun da ya yi a gida za a ce ku biya. Kada kuma sunan kowa ya fita a WhatsApp da sunan "ɗan bogi" tun ba a tabbatar ba.

Akawu Mai Ritaya:
Kan ƙarin girma: abin da aka saba shi ne shekara 2 ga 'yan 06 zuwa ƙasa, 3 ga 'yan 07 zuwa 14, 4 ga na sama da haka. Takardar ƙarin girma kaɗai ba ta motsa albashi, sai ofishin mulki ya aika wa ofishin kuɗi umarnin canji. A nan abin ke maƙalewa, wani lokaci don babu kuɗi, wani lokaci don mai fayil bai "gaisa" da kowa ba. Ku jera masu bin ariyas bisa tsufan takardarsu, a riƙa biya kaɗan-kaɗan daga sama. Ku kuma tambayi ma'aikata ko kuɗin fansho da ake cira yana shiga asusunsu, tunda Kaduna na kan tsarin adashin fansho. Cirewa daban, zubawa daban. Kowa ya nemo bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa ya gwada da takardar albashi.

Mai Faɗin Gaskiya:
Duk kun yi ta zagaye. Honorabul, masu ba ciyaman shawara da mataimaka na musamman nawa ne a ƙaramar hukumarku? Ku kansiloli nawa alawus ɗinku? In kwamitin zai ƙirga maigadi ya tsallake waɗannan, ku bar wahalar da kanku. Sannan tun da aka kawo aikin kwana 4 a mako a Disambar 2021 wasu manyan suka mai da shi kwana 2, ba masinja ba ne ke fashin. In ka ci karo da sunan ƙanin matar wani babba a jam'iyyarku, za ka rubuta?

Kansilan Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mai Faɗin Gaskiya, tambayarka ta yi zafi amma tana kan hanya. Albashin masu muƙaman siyasa ba ya cikin takardar da aka ba mu, zan nemi majalisa ta ƙara shi a zama na gaba, a rubuce, don kowa ya ga wanda zai ƙi. Hajiya Ungozoma, zan zaga asibitocin mazaɓata da kaina, da dare kamar yadda kika ce. Na riga na kira shugaban ƙungiya, ya ce sai ya ga sharuɗɗan kwamitin tukuna.

Baba Ma'aji, saura ɗaya. Na tambayi takardar biya a ofishin kuɗi, an ce mini "ana haɗawa". Me ake haɗawa a takardar da aka riga aka biya da ita?

Tsohon Ma'aji:
Ana haɗa wadda za a nuna maka ne, Honorabul. Kada ka sake tambaya da baki. Akawun majalisa ya rubuta wasiƙa ta hannun ciyaman, a buga mata hatimin karɓa, ka riƙe kwafi. Kada ka nemi ta watan jiya kaɗai. Zaɓi wata uku da ba sa jere, ɗaya kafin zaɓenku, ɗaya bayan an fara sabon albashi, ɗaya na bana. Kuma ka haɗa da jadawalin da aka tura banki na waɗannan watanni, don shi ne ke nuna asusun da kuɗi ya faɗa, shi ba a iya sake buga shi a sakatariya. In mako ya wuce shiru, ofishin babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha na bin waɗannan takardu duk shekara. Ka ambaci sunan ofishin a wasiƙa ta biyu.