Jarrabawar CIPM (cibiyar ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata ta Najeriya) zan fara ko digiri na biyu? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanta ilimin zamantakewa, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano. Burina in zama jami'ar kula da ma'aikata.

A takarda sunana sakatariya, amma ni ke riƙe da fayil ɗin kowa, ni ke rubuta takardar hutu da ta gargaɗi. Har lissafin fansho, kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na kamfani, a teburina yake ƙarewa duk ƙarshen wata. Da na nemi aiki a wani wuri sai a ce ba ni da ƙwarewa, saboda kalmar sakatariyar nan. Na roƙi oga ya gyara min sunan muƙamin, ya ce in bari tukuna. Har yau shiru.

Ɗan abin da na tara ba zai ɗauki karatu biyu ba. Jarrabawar CIPM zan shiga, tunda ita ake yawan tambaya a tallan aiki, ko digiri na biyu? Sannan ya zan rubuta ayyukan nan a CV ba tare da na yi ƙarya ba? Don Allah waɗanda ke harkar ku taimaka.