Shin tusar jaki tana iya rikiɗewa ta zama sankara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 tana da tusar jaki guda uku a bayan hannunta, ƙanana masu kaushi, sun kusa shekara ba su baje ba. Jiya na ji ana cewa ƙwayar cutar da ke kawo ta, wato HPV, ita ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani su yi mini bayani.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin HPV dangi ne mai nau'i fiye da 200, kowanne da lambarsa, kuma waɗanda ke fitowa a hannu ko tafin ƙafa ba su ne ke kawo sankara ba. Ko tsiron da ke fitowa a al'aura, kusan kashi 90 cikin ɗari nau'i na 6 da na 11 ne, su ma ba a lissafa su cikin masu haɗarin ba. Masu haɗarin su ne irin na 16 da na 18, waɗanda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya gano alaƙarsu da sankara, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Su biyun ke haddasa kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Gaskiya ne, Malam, sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne masu haɗarin ba sa fitar da tsiron da ido zai gani. Yawanci garkuwar jiki kan kawar da su cikin shekara biyu, amma idan suka zauna, sai su lalata birkin da ke hana ƙwayoyin halitta hayayyafa barkatai, a hankali, tsawon shekara 15 zuwa 20, mace ba ta jin komai. Yaya, 'yarki tana cikin shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi allurar rigakafi, wato 9 zuwa 14, ke kuma gwajin bakin mahaifa ya kamace ki tun daga shekara 30.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. To allurar za ta kawar da na hannun nata?

Ma'aikaciyar Jinya:
A'a, allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya fito. Na yara kan baje da kansa, idan kuma ya daɗe likita zai iya cire shi. Ki dai hana ta ɓantararsa da farce, don haka yake yaɗuwa.