Amfilifaya ko Bes Mai Tsirkiya Biyar: Wanne Zan Fara Saya?

Sabon Hannu (Kaduna): Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya huɗu, Yamaha TRBX174, wadda na saya ta hannu, kuma har yanzu a ɗaki nake koyo da wata ƙaramar amfilifayar jita ta aro. Yanzu wata ƙungiya da ke kiɗa a wuraren kamu da dina ta ce in riƙa bin ta, ga shi kuwa Disamba ta matso, lokacin da bukukuwa ke yawaita. Kuɗin da na tara ba za su wuce abu ɗaya mai kyau ba: ko in sayi babbar amfilifaya 'yar kwatano, ko in sayar da Yamahar in cika in ɗauki bes mai tsirkiya biyar. Akwai kuma wata damuwa, domin tun da hunturu ya shigo tsirkiyoyin suka yi sama sai na danna da ƙarfi, gefen ƙarafan wuyan kuma yana kartar mini hannu.

Baban Bes (Jos): Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayar da Yamahar nan. Ba ta cin batir, kuma ɗaya daga cikin maganaɗisunta biyu masu ɗaukar sautin tsirkiya irin na Precision ne, jitar da Leo Fender ya fito da ita a 1951, wadda har yau ba a rasa ta a wajen kiɗa. Abin da za ka fara yi shi ne ka mayar wa mai amfilifayar jitar nan kayansa tun lasifikar ba ta yage a hannunka ba. Tsirkiyar E ta bes tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jita ke nan, kuma ƙaramar lasifikar jita ba a yi ta don irin wannan kai da komowa ba, musamman idan aka ƙure murya.

Shawarata ita ce Fender Rumble 40, mai lasifika inci 10, ko Rumble 100 mai inci 12 idan aljihu ya kai. Dukansu suna da mafitar XLR a baya wadda za a ja waya daga gare ta zuwa mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta kai lasifikokin taro, kuma ba su da nauyi, ta 100 ɗin ma kimanin kilo 10 ce, za ka iya rungume ta a Keke Napep. Ka tsallake Rumble 25 duk da arharta, domin ba ta da wannan mafita, ta ɗaki ce kawai.

Mai Mikisa (Zariya): Baba, a gafarce ni, ni da nake zaune a bayan mikisa ina ganin abin ta wata fuska. Yawancin wahalar da nake sha a ɗakin taro daga masu bes ne da suka zo da amfilifayarsu suka ƙure ta, sautin ya cika dandamali, ya shiga makirufon mawaƙi, ni kuma ba ni da ikon rage shi. Da ƙanina zai ji tawa, da ya sayi akwatin DI da ƙaramar feda mai sarrafa sauti irin Zoom B1 Four, ya ajiye canjinsa. Fedar tana aiki da batir AA guda huɗu, tana da na'urar saita tsirkiya da kiɗan ganga na gwaji a ciki, kuma ana sa mata abin sauraro na kunne, saboda haka ko an ɗauke wuta zai yi atisayensa cikin dare ba tare da ya tashi maƙwabta ba. Akwatin DI kuwa shi ke mayar da sautin bes ya zama wanda zai bi doguwar waya har mikisa bai kwaso gurnani a hanya ba. Idan feda na gaba, DI marar batir kamar Behringer DI400P ya wadatar. Idan kuma bes ɗin za a haɗa kai tsaye, DI100 mai amfani da batir ko wutar mikisa ya fi dacewa da jita irin tasa.

Baban Bes (Jos): Malam, maganarka gaskiya ce a ɗakin da ake da mutum irinka da kayan aiki irin naka. Amma yaron nan bikin unguwa zai je, inda sau da yawa lasifika biyu ce a kan sanda, babu manyan na ƙasa, babu wadda ke fuskantar makaɗa. Mai bes da ba ya jin kansa zai riƙa fizgar tsirkiya da ƙarfi har yatsunsa su yi bororo, kuma zai saki mai ganga bai sani ba. Amfilifayar kunnensa ce, ba ta jama'a ba. Ya ɗora ta a kan kujera ta fuskance shi, ya ba ka waya daga bayanta, kowa ya huta. Inda na yarda da kai shi ne kada ya bi girma: ninka wat sau biyu ƙarin kusan desibel 3 kawai yake bayarwa, abin da kunne ke ji kaɗan, alhali nauyi da kuɗi sun yi sama.

Mai Gyara (Sabon Gari, Kano): Ina gaida manya. Ni zan yi magana a kan abin da ke zuwa teburina a ƙone. Ƙanina, tun da ka ambaci 'yar kwatano, kafin ka tambayi kuɗi ka juya bayanta ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, kuma idan ka soka irin wannan a bango babu taransifoma mai rage wuta, kafin ka ɗaga hannu ta tafi. Wasu suna da maɓallin sauya bolt, wasu ba su da shi, kuma sabbin marasa nauyin nan idan allon wutarsu ya ƙone gyaransa ya fi na tsofaffi masu taransifoma wuya, domin sau da yawa sai an canza allon gaba ɗaya. Don haka duk wadda ka saya, ka haɗa da sitabilaiza. A wajen biki kada ka kunna sai janareta ya daidaita, kuma idan ka ji ya fara tari alamar mai ya kusa ƙarewa, ka kashe taka tukuna.

Abu na biyu ya shafi rai. Idan gurnani ya tashi a lasifika, akwai masu karya ƙafa ta uku ta filogi don ya yi shiru. Kada ka yarda a yi wa kayanka haka. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, kuma idan wuta ta zube babu hanyar da za ta bi zuwa ƙasa, ta jikinka za ta bi, musamman in hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirufo. Maganin gurnani shi ne maɓallin da aka rubuta wa Ground Lift a jikin DI ko a bayan Rumble ɗin da Baba ya ambata, ko kuma a ja wutar amfilifaya da ta mikisa daga soket ɗaya. Ka kuma sani cewa maganaɗisun da ke kusa da gadar Yamaharka, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinta, irin na bes ɗin Fender Jazz, yana ɗan yin tsiwa idan shi kaɗai aka buɗe, wannan ba lalacewa ba ce. Ka rage shi ka dogara da na tsakiya.

Batun wuya kuwa aikin hunturu ne. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, shi ya sa bakin ƙarafan ya leƙo, wuyan kuma ya ƙara lanƙwasa. Ka danne tsirkiyar E a ƙarfe na farko da na ƙarshe a lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na bakwai ko na takwas. Kaurin katin gayyata marar kauri ya isa. Idan ta wuce haka, a ɗaure sandar da ke cikin wuyan da alanki daidai bakinta, kwatan juyi kawai zuwa dama, a sake saita tsirkiya, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. In ka ji ta cije, ka tsaya ka kai wa mai gyara. Bakin ƙarafan kuma a goge shi da ƙaramin fayil yanzu da sanyin ke kan ganiyarsa, domin in an yi shi sau ɗaya da kyau ba ya cika dawowa. Da damina ta sauka wuyan zai koma, sai ka sassauta abin da ka ɗaure.

'Yar Mawaƙa (Kafanchan): Yayyena, kun taru kun binne maganar tsirkiya biyar, ni kuwa ita nake kaɗawa a coci kuma ina da hujja. Masu fiyano namu suna son kaɗa waƙa a muryar E♭ da D♭, kuma mawaƙiya tana iya cewa a sauke waƙa ana tsakiyar sujada. Mai tsirkiya huɗu in aka je E♭ dole ya hau sama, ƙasan waƙar ya zama fanko daidai inda ake son nauyi. Tsirkiya ta biyar, wato B, tana ba ka ƙarin muryoyi biyar a ƙasa, kuma tana sa ka zauna wuri guda a wuya ba ka ta zarya ba. Sai dai na yarda ba yanzu ba ne lokacinta a wurin ƙaninmu, domin B tana sauka har kusan girgiza 31 a daƙiƙa, kuma a jita mai arha da ƙaramar lasifika sai ta zama kamar ana buga katifa. Idan ya ga yana bukatar ƙasan, akwai hanya mai sauƙi: ya sayi saitin tsirkiya biyar, ya ɗaura huɗu masu kauri ya saita su B, E, A, D, Oga Mai Gyara ya faɗaɗa masa ramukan da ke kan wuya. Zai rasa G, wadda a kiɗan biki ba kullum ake nemanta ba.

Mai Mikisa (Zariya): Tun da 'yar'uwa ta kawo zancen masu fiyano, ƙanina ka zauna da naku tun a wajen atisaye. A nan Arewa sun saba su ne komai, hannun hagunsu shi ne bes, wani ma na'urar ce ke buga masa bes da ganga. In ba ka roƙe shi cikin ladabi ya ɗauke hannun hagu daga ƙasa ba, ku biyu za ku yi ta karo, kuma babu amfilifayar da za ta raba ku.

Ɗan Damagaram: Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. A wajenmu ƙura ce babbar abokiyar gaba, domin yawancin wasa a fili ake yi, kan tabarma ko yashi. Tsirkiya mai kaushi, wadda ta zo da yawancin jitoci, tana tara ƙura da gumi a tsakanin naɗinta, sai ta mutu da wuri. Ni na koma mai santsi, wadda ake kira flatwound a jikin kwali. Ta fi tsada a saye ɗaya, amma tana shekaru, ba ta cin yatsa, kuma sautinta mai kauri yana zama daram a ƙarƙashin kalangu ko jitar Agadas ba ya gasa da su. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fayafayan kamfanin waƙa na Motown a Amurka na shekarun 1960, irinta yake amfani da ita kuma ba ya canzawa sai ta tsinke. Wanda ke son salon mari da fizga kam ya zauna a kan mai kaushi, mai kaurin lamba 45 zuwa 105, ya riƙa goge ta da tsumma bayan kowane wasa. Masu dafa tsirkiya a ruwan zafi suna samun ɗan haske na kwanaki, ba ya daɗewa. Kuma duk wanda aka gayyato wasa wannan ɓangaren ya taho da adafta, domin soket ɗinmu mai ramuka zagaye ne irin na Faransa.

Sabon Hannu (Kaduna): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan Yamahar, zan nemi Rumble 40 da sitabilaiza, fedar kuma sai bayan an fara samun na liƙi. Oga Mai Gyara, idan na sami ta hannu, me zan gwada a shagon kafin in biya?

Mai Gyara (Sabon Gari, Kano): Ka tafi da jitarka da wayarka, kada ka gwada da tasu. Ka buga E a buɗe da ɗan ƙarfi ka saurara ko akwai karkarwa kamar takarda na kaɗawa, wannan alamar lasifika ta yage ko tana gogar ciki. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe. Ƙarar ƙura ana wanke ta da feshi, amma wanda sauti ke yankewa a kansa sai an canza. Ka girgiza kan wayar a cikin raminta ka ga ko sautin na ɗaukewa. Ka nace a haɗa mafitar XLR da mikisa a gabanka, domin ita ce dalilin sayen, kuma ita ce masu sayarwa ba sa gwadawa. Sannan ka bar ta a kunne kana bugawa kamar minti ashirin, tunda wasu sai sun yi zafi suke nuna halinsu. Ka duba kusoshin baya ko an taɓa kwance su, in an kwance ka tambayi abin da aka gyara, ka rage kuɗi a kan haka. Wayar jita kuma ka sayi biyu, ɗaya ta zauna a jaka.