Albashin wata ko kuɗin kowace riga, kuma wa zan ɗora a kan ma'aikatana?

Lawali Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da shagon ɗinki a unguwar Bukoki a nan Yamai, da teloli 5, masu sirfani 2, da yaro guda mai guga da sa maɓalli wanda ke koyon sana'a. Tsarin biyan da nake bi shi ne wanda na tarar a wurin maigidana: kowane tela ana biyan sa gwargwadon abin da ya ɗinka, kaftani da wando sefa 2,000, babbar riga kuma sai an yi ciniki. Tsarin yana sa mutum ya zage dantse, amma ya raba mini kan ma'aikata. Kowa yana rububin ɗinki mai sauƙi mai kuɗi, ba mai son gyaran rigar da aka dawo da ita, ba mai tsayawa ya nuna wa yaron yadda ake yanka. A sallar layya da ta wuce, mutum biyu sun gama nasu tun la'asar suka tafi gida, alhali kayan mutane suna jibge a teburin na uku har asuba.

Ina tunanin kafin azumi in mayar da su kan albashin wata, sannan in riƙa ware kashi 10 cikin 100 na ribar shago a asusu ɗaya, a raba musu daidai bayan kowace salla, in har an sallami kowa a kan alkawari. Na biyu, ina son in ɗora mutum guda a kansu saboda tafiye-tafiyen da nake yi sayen shadda. Akwai ɗan yayata, wanda ya fi kowa shekaru da daɗewa amma yana da saurin fushi, akwai kuma wani matashi Bazabarme da ya zo daga baya, wanda ya fi kowa hannu kuma suna jin maganarsa. Ina roƙon wanda ya taɓa gwada irin wannan ya faɗa mini yadda ta kaya.

Alhaji Isuhu Katako:
Wa alaikumus salam. Malam Lawali, ma'aikaci ba ya buƙatar dogon lissafi, cikinsa yake son a kula da shi. Ni a wurina kullum da azahar ana kawo shinkafa da wake a babban kwano guda, kowa ya sa hannu, har da ni, bayan nan a ɗora shayi. Wanda kuka ci abinci tare da shi da rana ba zai bar ka da aiki da dare ba. Ka kuma nemi injin wuta mai kyau, domin rabin faɗan teloli a lokacin zafi daga ɗaukewar wuta yake tasowa.

Hadiza Yantala:
Malam Lawali, aikina shi ne kula da sha'anin ma'aikata a wani kamfani, saboda haka zan fara da abin da doka ta ce. Daga ranar 1 ga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Kundin dokokin ƙwadago na 2012 ya tsayar da aikin mako a kan awa 40, abin da ya haura haka ana biyan sa daban, kuma ma'aikaci yana da hutu na kwana 2 da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki. Akwai kuma rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da inshorar ma'aikata, inda ake cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, maigida kuma ya zuba kason da ya ninka wannan fiye da sau 3. Ku lissafa duk wannan a kan mutum 7, har da watannin damina da ɗinki ke ja baya, kafin ku yi musu alkawari, domin albashin da aka tsayar aka kasa biya ya fi ɓata zuciya a kan wanda ba a tsayar ba.

Asusun haɗin gwiwar kuwa shawara ce mai kyau, amma kada ku jingina shi da riba. Ma'aikaci ba ya ganin riba, ku kaɗai kuke ganin ta, kuma ranar da kuka ce an faɗi za a ce kun ɓoye. Ku jingina shi da abin da kowa zai iya ƙirgawa da idonsa: duk kayan da aka miƙa wa mai shi a ranar alkawari, ba tare da an dawo da shi gyara ba, a zuba wani abu sananne a asusun, a rubuta a littafin da ke ajiye a kan tebur. Da haka wanda ya gama nasa zai ga amfanin kama wa ɗan uwansa.

Malam Haruna Tawa:
Ku yi haƙuri, amma ni na bi wannan hanyar har ƙarshenta. Ina da wurin kafinta a Tawa, muna yin gadaje da kabad na amare. Akwai yaron da mahaifinsa ya kawo mini shi daga wani ƙauyen Adar bai ma iya riƙe zarto ba. A gidana ya ci, a gidana ya kwana, ni na koya masa awo da fenti, da ya yi rashin lafiya ni na biya magani. Da na ga ya ƙware sai na ɗora shi a kan sauran, na ba shi makullin sito, na sa masa kaso a cikin kowane gado da aka sayar, daidai irin abin da ake ba ku shawara yanzu. Shi ke karɓar kafin alƙalami daga hannun iyayen amare, lambar wayarsa ce a jikin ƙofa.

Shekarar da Allah ya nufe ni da aikin hajji, na bar masa komai. Na dawo na tarar ya kama shago a bakin titi ɗaya da nawa, ya tafi da ma'aikata 3 daga cikin waɗanda suka fi iya aiki, kuma matan da suka shekara da shekaru suna sayen kayan ɗakin ƴaƴansu a wurina duk sun koma can, domin shi suka sani, shi suke kira. Bai ɗauki ko ƙusa ɗaya tawa ba, wannan zan faɗa saboda Allah, amma ya kwashe abin da ya fi katako tsada. Da na kai ƙara wurin mahaifinsa, sai tsohon ya ce mini arziki na Allah ne. Har yau idan muka haɗu a masallacin Juma'a yana durƙusawa ya gaishe ni, ni kuma ina amsawa ne kawai don idon mutane. Malam Lawali, kada ka ɗora bare, kada ka nuna wa kowa littafinka, kada ka bar ma'aikaci ya san masu ba ka aiki.

Rakiya Talaje:
Inna lillahi. Malam Haruna, Allah ya mayar muku da alheri. Irin wannan ya faru da ƙanwar mahaifiyata a wurin kitso da lalle, yarinyar da ta riƙa kamar ƴar cikinta ce ta janye mata mutane.

Sumaila Tela:
Baba Haruna, da girmanku, ina da tambaya, domin ni ma'aikaci ne a shagon wani, kuma har yanzu iyayen gida kaɗai ke magana a nan. Shekara nawa wannan bawan Allah ya yi a ƙarƙashinku, kuma da kason da kuke ba shi zai iya yin aure ya kama haya? Ku ma ai a wurin wani kuka koya, kuma wata rana kuka tashi kuka buɗe naku. A al'adar sana'a, idan yaro ya ƙware maigida ne ke yaye shi, ya ba shi kayan aiki, ya sa masa albarka. Idan aka ƙi yaye mutum, shi zai yaye kansa. Abin da ke kashe mana gwiwa ba wuyar aiki ba ce. Shi ne a yaba wa maigida a kan rigar da kai ka ɗinka ko sunanka ba a ambata ba, a yi maka faɗa a gaban mai kaya, kuma kuɗinka na mako sai ka bi shi kamar bashi. Sannan Malam Lawali, sefa 2,000 a kaftani da wando ya yi kaɗan, mu a Wadata 3,000 ake ba mu.

Alhaji Isuhu Katako:
Wane shago ne ke ba da 3,000? Ƙanena yana da teloli a Harobanda, 1,500 yake biya, kuma layi ake yi ana neman aiki a wurinsa.

Sumaila Tela:
Alhaji, ɗinki suna ya tara. Na 1,500 ɗinkin kasuwa ne da ake yankawa goma a lokaci guda. Wanda zai taɓa shaddar da aka saya da tsada, ya san idan almakashi ya kauce shi zai biya, ba zai karɓi wannan kuɗin ba.

Bukar na Difa:
Ni shawarata ga Malam Lawali ita ce ya duba da kyau ko akwai Bafulatani a cikin telolin nan, domin in akwai, an gano inda matsalar take: yana jin hadari ya haɗu zai bar keke ya tafi duba shanu. A ɗora Babarbare a kansu kawai a huta.

Ali Jallo:
Bukar, bawana, da Babarbare ya iya shugabanci ai da ba mu muke riƙe da ku ba. Ka bari manya su yi magana.

Hadiza Yantala:
Malam Haruna, abin da ya same ku da ciwo, amma labarinku bai nuna cewa ba da kaso ne ya jawo ba. Abin da ya nuna shi ne mutum ɗaya ya riƙe makulli, kuɗi da masu saye gaba ɗaya. Ana iya ɗora mutum a kan rabon aiki da duba ingancinsa, karɓar kuɗi da lambar wayar shago kuma su zauna a hannun mai shago. Ɓoye littafi ba ya hana mai tafiya tafiya, sai dai ya sa waɗanda suka zauna su riƙa zargi.

Alhaji Isuhu Katako:
Hajiya Hadiza, da gafararki, kin taɓa biyan ma'aikaci daga aljihunki? Wanda ke zaune a ofis mai sanyi, albashinsa na shigowa ko an sayar ko ba a sayar ba, ba shi zai koya wa ɗan kasuwa riƙon yara ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suke zagayowa ta Lome da Burkina, komai ya yi tsada, sannan a ce mai teloli 5 ya je ya yi rajista ya ɗora wa kansa wani nauyi. Malam Haruna ya yi magana ne da abin da ya gani da idonsa.

Hadiza Yantala:
Alhaji, ban taɓa biya daga aljihuna ba, amma na sha zama a gaban sufeton ƙwadago tare da iyayen gida da suka ce yaro ɗansu ne, ba takarda tsakaninsu, har ranar da injin ya cinye masa yatsa. A ranar ba a tambayar wa ya ci shinkafa da wa. Malam Haruna ya ga shago ɗaya, Malam Sumaila kuma yana cikin aikin yanzu haka, ban ga dalilin da za a ɗauki maganar ɗaya a zubar da ta ɗayan ba.

Lawali Bukoki:
Na gode muku duka. Lissafin Hajiya Hadiza ya sa na fara tunanin tsaka-tsaki, wato in bar kuɗin kowace riga yadda yake, in ƙara asusun a kansa, in kuma sa wa gyara da koyar da yaro nasu kuɗin. Amma har yanzu ba wanda ya yi magana a kan tambayata ta biyu, in ban da Malam Haruna da ya ce kada in ɗora bare. Idan na ɗora matashin, yayata za ta ji a ranar, kuma maganar ba za ta tsaya a shago ba.

Zainabu Mai Gidan Abinci:
Malam Lawali, a nan ne ciwon yake, kuma ni ban yarda da Malam Haruna ba ko kaɗan. Bare idan ya ɓata maka kana iya sallamar sa, ɗan uwa fa? Ina da gidan abinci kusa da babbar kasuwa, ma'aikata 6, biyu daga cikinsu ƴaƴan dangin mijina ne da aka turo mini daga gida ba tare da an tambaye ni ko ina da gurbi ba. Su ke zuwa a makare, su ke fara tashi, kuma sauran suna kallo. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta taɓa tambayata dalilin da zai sa ta zo da asuba ta hura wuta alhali albashinsu ɗaya da mai zuwa da hantsi, ban sami amsar da zan ba ta ba. Da na rage wa ɗaya kuɗin kwanakin da bai zo ba, kafin magariba an kira mijina daga ƙauye, har da cewa na raina zuriyarsu.

Malam Haruna Tawa:
Hajiya, ɗan uwa ko ya cuce ki, abin yana cikin gida. Mu a Adar ma ba mu samun wanda zai zauna, ɗan uwa ko bare. Da an gama girbi matasa sun kama hanyar Abijan ko Libiya, tun da aka gano zinariya a Jado da ke arewacin Nijar a 2014 kuwa, yaron da ka gama koya wa aiki sai ya ji labarin wani ya dawo da mota, washegari babu shi.

Zainabu Mai Gidan Abinci:
Yana cikin gida, amma daga tukunyata ake ɗiba. Wanda ya tafi Jado aƙalla ya bar maka gurbin da za ka sa wani. Nawa ba su tafiya, ba su aiki, kuma an riga an aiko mini saƙo cewa bayan salla akwai na uku da ke tafe, wai ya gama makaranta bai sami abin yi ba. Duk wanda ya san yadda ake mayar da ɗan dangin miji gida ba tare da an kira taron dangi ba, ina sauraron sa.