Wai OpenFlow ya mutu? Rigima a zauren masu haɗa intanet na Garwa

Ɗan Rumde: Salamu alaikum jama'a. Yau raina ya ɓaci. Na kai wa maigidana shawarar mu daina bin suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, ɗaya bayan ɗaya muna saita su da hannu, mu kafa mai sarrafawa guda, wato manhajar OpenDaylight, ya riƙa tura musu dokokin tafiyar da bayanai ta OpenFlow, wato yaren da mai sarrafawa ke magana da suwic da shi. Bai bari na kai aya ba, wai OpenFlow ya mutu. A gaban yaran ofis fa!

'Yar Marwa: Yaya, haƙuri, amma gaskiya ya faɗa. Tun sigar 1.5.1 ta 2015 ba a sake fitar da wata ba. Abin da ya daina motsi me ake ce masa?

Injiniya: Ƙanwata, ki janye kalmar nan. IPv4, tsarin adireshin intanet, na 1981 ne, a kansa kike turo mana wannan saƙon, shi ma ya mutu? Har gobe Open vSwitch, suwic na manhaja, yana jin OpenFlow, Google kuma da shi ta haɗa cibiyoyin bayananta a tsarin B4.

'Yar Marwa: Ba ni na fara cewa ya mutu ba. To ya suma.

Baban Kusuri: Ba suma ba ce, tsufa ne. Tsoho yana nan amma ba a aikensa kasuwa.

Injiniya: Baba, da girmanka! A 2012 kamfanin VMware ya sayi kamfanin Nicira sama da dala biliyan ɗaya saboda wannan fasahar.

Baban Kusuri: Ai 2012 ka ce, ɗana. Ka taimake ni da kanka.

Ɗan Rumde: Jama'a, ni fa maganar wulaƙancin da aka yi min nake.

Na Ngaundere: Kai ma me ya kai ka OpenDaylight? Da yaren Java aka rubuta ta, sai ka ɗora wannan ka ɗora wancan, ƙaramar kwamfuta sai ta riƙa haki. Ka ɗauki Ryu, manhajar sarrafawa ta kamfanin NTT, da yaren Python aka rubuta ta, ka buɗe manhajar Mininet ka ƙirƙiri suwic na gwaji, ka ga yadda teburin dokoki ke cika.

Injiniya: Ryu ta ɗalibai ce. OpenDaylight tun 2013 tana ƙarƙashin Linux Foundation, kuma tana jin NETCONF, wani yaren saita na'urori, ko babu OpenFlow tana aiki.

Na Ngaundere: Mu ɗaliban mun gode. Ku 'yan Garwa komai naku ne babba, har ƙungiyar ƙwallonku Coton Sport.

'Yar Marwa: 😂😂 A bar ƙwallo. In wuta ta ɗauke a ɗakin mai sarrafawar fa?

Injiniya: Suwic na ci gaba da dokokin da ke teburinsa har wa'adinsu ya ƙare, kuma shi ya sa ake kafa masu sarrafawa uku, ba ɗaya ba.

Na Ngaundere: Janareta uku ke nan. Wa zai sayi mai?

Admin: Ya isa haka. Taƙaitawa: Injiniya ya kawo hujja, OpenFlow bai mutu ba, OpenDaylight kuma ita ce ta manya, mu ma ita muke koyarwa. Sauran maganganu son rai ne. Wanda ya sake taɓa Coton Sport zan cire shi.

Ɗan Rumde: To maigidan nawa fa, me zan ce masa gobe?